Maganin Ƙarfin Maza: Wace Kunya Ce Addini Ya Yaba?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura ya yada zango a Kazaure, ko ya ci kasuwa a Babura, ko Roni, ko Gwiwa, ya san motar nan mai lasifika a ka. Mai ita yakan jera kwalabe da ƙullin gari da sassaƙe, yana shelar maganin ƙarfin maza da kalmomin da ko a dandalin samari ba a furta su, alhali ga mata masu cefane, ga yara 'yan talla, ga ɗa tsaye kusa da ubansa. Amma ba a cika ganin dattijo ya matsa ya saya da rana ba. Sai almuru ta yi, sa'an nan ya raɓa ya miƙa kuɗi, kansa a sunkuye. Mai sayarwa ya yar da kunya ɗungum, mai saye kuwa ta yi masa katutu. To, shin wannan ta mai saye ita ce kunyar da addini ya yaba?

Da farko dai, neman maganin raunin mazakuta ba laifi ba ne. Imamu Buhari ya ruwaito hadisi mai nuna kowace cuta tana da maganinta. Malaman fiƙihu kuwa ba su ɓoye wannan mas'ala ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, an yi hukunci cewa angon da ya kasa kusantar amaryarsa a ba shi wa'adin shekara guda. In ya samu sauƙi shi ke nan, in bai samu ba, matar tana da ikon neman rabuwa. Watau shari'a ta ɗauki abin a matsayin lalura wadda ake fatan warkewarta, kuma ta lura da haƙƙin matar. Har ila yau Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi wallafe-wallafe a fannin magani, har da littafi a kan basir. Bai ga hakan ya rage masa girma ba.

Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, ƙarfin namiji ya dogara ga gudanar jini. Jijiyoyin da ke kai jini ga al'aura sun fi na zuciya ƙanƙanta, saboda haka in kitse ya fara toshe hanyoyin jini, ko hawan jini da ciwon sukari da shan taba suka fara lalata su, sau da yawa a nan alamar ke fara bayyana, shekaru kafin ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Gaskiya ne damuwa da gajiya su ma sukan jawo rauni, amma ga magidanci da ya haura arba'in, abin yakan zama ɗan aike ne daga jiki. Wanda ya ce "sanyi ne" ko "basir ne" ya ɗaga kwalba ya kwankwaɗa, ya kori ɗan aiken ke nan bai karɓi saƙo ba.

Masu talla sukan ce nasu na itatuwa ne, don haka ba ya cutarwa. Wannan ba hujja ba ce, domin zaƙami ma tsiro ne, kowa kuwa ya san abin da yake yi wa hankali. Babu mai musun amfanin zuma da dabino da tafarnuwa a matsayin abinci, amma ba za su buɗe jijiyar da ta toshe ba. Mafi muni shi ne algus. Akwai ƙwayar Bature mai suna sildenafil, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 1998 da sunan Viagra. An sha kama masu zuba ta a ɓoye cikin abin da suke kira na gargajiya. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi waɗansu kamfanoni saboda samun irin wannan sinadari cikin zumar da suke sayarwa. Ƙwayar nan in ta haɗu da waɗansu magungunan ciwon zuciya, jini yakan faɗi ƙasa warwas, har ya kai ga rasa rai. Likita yakan yi tambaya kafin ya rubuta ta, mai kwalba kuwa kuɗi kaɗai yake tambaya.

Musulmi ya san hukuncin wannan. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tura hannunsa cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa, ya kuma barranta daga mai algus. In haka ne game da jiƙaƙƙen hatsi, ina ga wanda ya ɓoye abin da ke iya tsayar da zuciya? Haka kuma Abu Dawuda ya ruwaito abin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya shiga ba da magani ba da sani ba.

Amsar tambayar ke nan ta fito. Kunyar da take reshen imani ita ce mai hana mutum saɓo da batsa da ha'inci, watau wadda mai lasifika ya rasa. Amma wadda ke hana mutum tambayar masani, wannan tsoron bakin mutane ne ya ari rigar kunya. Nana A'isha ta yabi matan Madina domin kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Lafiya kuwa amana ce, ga iyali da ke rataye a wuyan mai ita.

Saboda haka magidancin da ya ga canji a jikinsa ya nufi babban asibitin Kazaure ko na Babura, a auna masa jini da sukari, ya faɗa wa likita gaskiya a keɓe. Ya bar taba, ya rage maiƙo da zaƙi, ya riƙa tafiya da ƙafa. Uwargida ta rufa masa asiri, ta ƙarfafa shi, kada ta yi masa gori. Masu maganin gargajiya na ƙwarai, waɗanda suka gada iyaye da kakanni, su tsarkake sana'arsu, su kai kayansu hukumar NAFDAC ta bincika, su kuma san inda saninsu ya tsaya. Hakimai da dagatai da sarakunan kasuwa su hana batsa a lasifika, limamai kuma su yi bayani da harshen da ya dace, kamar yadda magabata suka yi.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya tsare al'umma daga ha'inci, amin.