Ilmin Aljabara Da Ɗalibin Da Aka Bari A Baya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ƙididdige kowane abu, babu abin da ya ɓuya ga saninSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wani kuka da akan ji a gidaje da yawa a ƙarshen kowane zangon karatu, sa'ad da 'yan makarantar sakandare suka kawo takardar sakamakon jarrabawa. Yaro ya ci Hausa, ya ci Larabci da ilmin addini, ya yi abin kirki a tarihi, amma da an zo kan lissafi sai a tarar da jan alƙalami. In aka tambaye shi dalili, sai ya ce ai yana gane lissafi sarai, har ranar da malami ya shigo aji ya rubuta baƙaƙen a da b da x a kan allo, ya ce a nemo adadin da suke tsaye a madadinsa. Tun daga ran nan kai ya kulle. Aji ya yi gaba, shi kuwa yana nan inda aka bar shi, kowane mako tazarar tana daɗa faɗi, har ya koma kujerar baya yana sunkuyar da kai don kada a kira sunansa. Wannan fanni na lissafi shi ake kira aljabara.

Iyaye kan rabu biyu game da wannan al'amari. Wani uba ya ɗauki bulala. Wani kuwa ya kaɗa kai ya ce ai boko ne, in dai yaro ya iya sallarsa yana kuma karatun Alƙur'ani, to lissafin Turawa ba ya cikin abin da za a tambaye shi a kabari. Na farko ya yi gaggawa, amma kuskuren na biyu ya fi girma, domin ya jingina wa addini abin da addini bai faɗa ba.

Sunan fannin kansa Larabci ne. An samo shi daga littafin da Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekara ta 820 Miladiyya, zamanin Halifa Ma'amun, littafin da ya sanya wa suna taƙaitaccen bayani a kan lissafin jabru da muƙabala. Sai a shekara ta 1145 aka juya shi zuwa harshen Latin, mutanen Turai suka ɗauka, suka riƙe sunan yadda suka ji shi. Kalmar jabru a Larabci tana nufin ɗori, watau mayar da karyayyen ƙashi mazauninsa. Duk wanda ya karanta babin tsarki a littattafan fiƙihu ya haɗu da 'yar'uwarta, jabira, watau karan ɗori da ƙyallen da aka yarda mai alwala ya yi shafa a kansu. Muƙabala kuwa ita ce gwada ɓangare da ɓangare a soke abin da ya yi daidai, kamar yadda mai awo ke yi da sikeli. Babu x ko y a littafin nan, da zance aka rubuta shi tun daga farko har ƙarshe. Adadin da ake nema marubucin yakan kira shi shai'un, watau "abu". Saboda haka baƙin nan da ke razana yaro a allo ba kome ba ne illa "abu kaza" da ba a riga an san yawansa ba.

Alhawarizmi ya bayyana a gabatarwarsa cewa ya yi littafin ne don bukatar mutane wajen rabon gado da wasiyya da shari'u da ciniki da awon ƙasa da haƙar magudanan ruwa, kuma babban kaso na littafin mas'alolin wasiyya ne zalla. Ga misali irin wanda mai rabon gado kan iya gamuwa da shi. Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya maza uku, ba shi da wani magaji sai su. Bayan an fid da kuɗin likkafani an biya bashi, abin da ya saura naira 1,500,000 ne. Ya kuwa yi wasiyya a ba wani almajirinsa abin da ya gaza rabon da kowane ɗa zai tashi da shi da naira 100,000. Ba a san rabon ɗa ba sai an fid da wasiyya, ba a kuma san wasiyya ba sai an san rabon ɗa. To, sai a kira rabon ɗa "abu". 'Ya'ya uku suna da abu uku, almajiri yana da abu ɗaya ba 100,000, jimla abu huɗu ba 100,000, shi ne daidai da 1,500,000. A nan ne ake yin ɗorin: a cike giɓin nan na 100,000, a kuma ƙara kwatankwacinsa a ɗaya ɓangaren don kada sikeli ya karkata. Abu huɗu ya zama 1,600,000, abu ɗaya 400,000. Kowane ɗa ya ɗauki 400,000, almajiri ya karɓi 300,000, wanda bai kai sulusin dukiya ba, saboda haka wasiyya ta zartu. Wannan shi ne ainihin abin da malamin lissafi ke rubutawa da x a aji, ba ragi ba ƙari.

Allah Ta'ala bai bar rabon gado ga ra'ayin kowa ba. Shi da kanSa Ya yanka shi a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, da rabi da rubu'i da sumuni, da sulusi biyu da sulusi da sudusi, sa'an nan Ya kira waɗannan iyakokinSa, Ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ƙetare su. A Suratu Yunus aya ta 5 kuma Ya ambaci masaukan wata a matsayin hanyar sanin adadin shekaru da lissafi. Zakka ma da awo take, ushiri ga amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga wanda aka yi wa ban ruwa da wahala, rubu'in ushiri ga zinariya da azurfa. Don haka ne Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 1111, ya sanya lissafi tare da likitanci cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u, watau in gari ya rasa wanda ya san su, laifi ya hau kan mutanen garin duka. Gidan da aka yi rabo bisa kuskuren lissafi an ci dukiyar maraya a cikinsa, ko da mai rabon bai yi nufin zalunci ba. A yau kuma jami'a ba ta karɓar ɗalibi a karatun likita ko injiniya ko harhaɗa magunguna sai da kiredit a lissafi daga jarrabawar WAEC ko NECO. Jama'ar da ke kukan rashin likitoci mata da za su duba iyalinta, alhali tana gaya wa 'ya'yanta mata cewa lissafi na maza ne, ita ta toshe wa kanta hanya. An ruwaito cewa manyan sahabbai sukan tambayi Nana A'ishatu, Allah Ya yarda da ita, mas'alolin gado.

To, me ke sa yaro mai hankali ya tsaya cik a aljabara? Galibi karayar ba a nan ta faru ba, ta faru shekara biyu ko uku a baya, ba a ɗora ba. Akwai gwaji mai sauƙi da uba zai iya yi a zaure. A ce wa yaro ya tara rabi da sulusi biyu. Da yawa za su tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, su ce 3/5, ba su lura ba cewa 3/5 bai ma kai sulusi biyun da aka fara da shi ba. Amsar ita ce 7/6, watau ta haura ɗaya. Wannan lissafi shi ne ya zo gaban Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, sa'ad da mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu: miji yana da kashi 3 cikin 6, 'yan'uwa suna da kashi 4 cikin 6, dukiya ba ta isa ba. Ya shawarci sahabbai, aka raba dukiyar kashi 7, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa, abin da malamai ke kira aulu. Yaron da bai iya wannan tari ba, ko wanda haddar sau ba ta zauna masa ba, ko wanda bai gane adadin da ya gaza sifiri ba, ko an yi shekara ana yi masa bayanin x ba zai kama ba. Abin mamaki, yaron nan da kansa in yana da naira 500 a aljihu ana binsa 800, ya san sarai saura 300 a kansa. Lissafin yana kansa, ba a dai haɗa masa shi da na allo ba.

Makarantar allo ta daɗe da sanin maganin wannan. Ba a kai ƙolo farfaru bai ƙware da babbaƙu ba, ba ya kuma wanke allonsa sai ya biya malam ya yarda. A zauren ilmi ma ba a ɗora wa ɗalibi Alfiyyar Ibn Malik bai sha Ajrumiyya ba. Makarantar boko kuwa da kalanda take tafiya, shekara ta ƙare a ciyar da aji gaba, wanda ya gane da wanda bai gane ba. Ibn Haldun, wanda ya rasu a shekara ta 1406, ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa ilmi kaɗan-kaɗan ake ba da shi gwargwadon ƙarfin ɗalibi, a bi fanni sau uku ana daɗa zurfafawa, kuma kada a bar dogon lokaci tsakanin darasi da darasi don mantuwa na shiga. Maɗori ba ya ɗaure inda majinyaci ke nuna masa kumburi, sai ya lalubo inda ƙashin ya rabu. Haka ɗalibin babban aji zai ajiye girman kai ya ɗauko littafin ƙaramar sakandare, ko ma na firamare, ya koma baya har ya iske shafin da yake yi ba tare da tuntuɓe ba, daga nan ya taso. Lissafi kuma ba a koyonsa da kallo. Wanda ya ga malami ya warware mas'ala a allo yakan zaci ya iya, sai an ba shi farar takarda gaskiya ta fito. Mas'ala biyar kowace rana bayan sallar Asuba, da alƙalami a hannu, ta fi kwana uku ana raba dare gab da jarrabawa, kuma ya tabbata a hadisi cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Babbar cutar ɗalibin da aka bari a baya ita ce kunyar tambaya. Imam Buhari ya kawo daga Mujahid cewa mai kunya da mai girman kai ba sa samun ilmi, ya kuma kawo yabon da Nana A'ishatu ta yi wa matan Ansaru don kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Sibawaihi, wanda malaman nahawu ke kiran littafinsa "Littafi" kawai saboda girmansa, an ruwaito cewa kuskuren i'irabi ya yi a majalisin malaminsa na hadisi aka gyara masa a gaban jama'a, abin da ya sa ya tafi ya lizimci Halilu ɗan Ahmadu ke nan. Da ya bar zuwa majalisi don kunya, da ba wanda ya san sunansa yau.

Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Malamin da ke ce wa yaro daƙiƙi don ya yi tambaya, ko ya sa aji su yi masa dariya, shi ya koya masa yin shiru. Anas ɗan Malik ya ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan maimaita magana sau uku don a fahimta. Ibn Haldun ya keɓe fasali guda a kan cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibai, tana jawo musu kasala, tana koya musu ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansu. Gaskiya ne aji mai cunkoso yana ɗaure hannun malami, amma ba ya halatta masa zagi. Uba kuma, ko da bai taɓa shiga aji ba, yana iya zuwa makaranta tun tsakiyar zango ya tambayi inda ɗansa ya tsaya, ya rage masa aike da dare, ya nemi wani yayansa a unguwa da zai zauna da shi. Mai ilmin da ya ba ƙannensa awa guda a mako saboda Allah, sadaka ya yi.

Saura hanya ɗaya da Shaiɗan ke ƙawata wa wanda aka bari a baya, ita ce satar amsa. Wani ya kwafe aikin gida daga abokinsa, wani ya ɗauki hoton tambaya da wayar salula ta fito masa da amsa ya juye ba tare da ya bi matakan ba, wani kuma ubansa da kansa ke biyan kuɗi a kai shi inda za a rubuta masa jarrabawa. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, sai ya barrantar da mai algus daga jama'arsa. Takardar shaidar da aka samu ta wannan hanya busasshe ne a sama. Mai ita zai karɓi albashi a kan abin da bai sani ba, wata rana kuma a miƙa masa awon maganin jariri ko lissafin ƙarfen gada, ko a zaunar da shi gaban marayu a ce ya raba. Wanda ya biya kuɗin da wanda ya karɓa da wanda ya tsaya gadi ya kau da kai duk suna da kaso a cikin alhakin. Allah Shi ne Mafi sani.