Amanar ɗiya a ƙasar waje

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa Musulmi, wasunmu aiki ya kai su Dakar da iyalinsu, inda cibiyoyin BCEAO da ASECNA suke. Can uba zai zaɓa ma ɗiyansa: lakkwal Jean Mermoz mai tsarin Faransa, wadda ba ta koyar da addini, ko makaranta mai tsarin Amurka da Ingilishi. Neman ilimi alheri ne. Amma kafin mu biya kuɗi, mu tambaya: ina yaro zai sallaci azahar? Wane abinci za a ba shi? Wa zai biya masa allo da marece? Aya ta 6 ta Suratut Tahrim ta ɗora tsaron iyali bisa wuyanmu. Allah shi shirya muna zuri'a. Amin.