Wa Ke Da Ikon Yafewa?

A shekarar 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya zauna da 'yan bindiga aka ƙulla sulhu. An yi batun shanu, an yi na bindigogi da sakin kamammu. Amma matan da aka yi wa fyaɗe a daji, ba mu ji an tambaye su komai ba.

Mu mutanen Kafur manoma ne, ba za mu raina sulhun da zai bar talaka ya je gona ba. To, amma shin hukuma tana da ikon yafe abin da ba ita aka yi wa ba? Malamanmu sun bambance haƙƙin Allah da haƙƙin bawa, suka ce na biyun ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. A cikin Muwaɗɗa ma Imamu Malik ya ɗora wa wanda ya tilasta wa mace biyan sadakin irinta, ban da haddi.

Kada mu tsaya kan gwamnati kaɗai. Yarinya ta kuɓuto, sai mu ce ta yi shiru, a rufa wa dangi asiri. Ashe mu ma mun ari bakinta mun yafe ke nan. Ɓarawon akuya da rana tsaka muke kai shi gaban alƙali, ita kuwa ko asibiti sai dare ya raba ake kai ta.