Wayar ɗalibi a hannun malami: tsakanin hani da amana

A makarantun CEG da lise na ƙasar Kance, kamar na sauran jihar Damagaram, an saba da wannan al'amari: mushe yana rubutu a allo, waya ta yi ƙara a bayan aji, dariya ta ɓarke, sai ya miƙa hannu ya amshe ta. Mafi yawan mutane suna ganin nan maganar ta ƙare. Alhali kuwa daga lokacin da wayar ta faɗa aljihun malami ne tambayoyi suke tasowa: me ya ba shi ikon karɓa, ina iyakar wannan iko, kuma wane hali yake so ya dasa a zuciyar yaron?

Wayar salula ba tsohuwar baƙuwa ba ce a Nijar. A shekarar 2001 kamfanin Celtel ya fara aiki a Yamai, ya zama Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Cikin ƴan shekaru abin da aka sani a hannun manyan ƴan kasuwa ya shiga hannun manomi da mai tallar ƙosai. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance. Bayan haka, a 2009 da 2010, aka gwada shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, inda aka koya wa manya rubuta saƙo da waya, kuma waɗanda suka koya suka fi takwarorinsu a rubutu da lissafi. Ke nan mai cewa waya abokiyar gabar ilimi ce a kowane hali, ƙasarsa ma ta ƙaryata shi.

To amma masu goyon bayan hani su ma suna da hujja mai nauyi. Darasi yana bukatar hankali ɗungurungum, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Dattijon da ke koyon baƙaƙe da waya shi ke sarrafa ta. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu mai WhatsApp da TikTok a aljihu, sau da yawa ita ke sarrafa shi, domin an ƙera waɗannan abubuwa ne don su riƙa kiran mai su. Wani bincike da Beland da Murphy suka fitar a 2015 a kan makarantun birane huɗu na Ingila ya nuna cewa bayan hana waya sakamakon jarrabawa ya ƙaru, kuma ɗaliban da suka fi rauni su suka fi amfana. Faransa ta kafa doka a watan Agusta na 2018 wadda ta hana amfani da waya a firamare da koleji, ta bar wa kowace lise ta tsara nata. A 2023 hukumar UNESCO ta ba da shawarar kada a shigar da irin waɗannan na'urori aji sai inda suke taimakon koyo a zahiri. Ga kuma satar jarrabawa, da ɗaukar hoton ƴan mata ba da yardarsu ba, da kunyar da ɗan talaka yake ji kusa da mai babbar waya.

Sai dai dokar da aka ɗinka wa Faransa ba lalle ta zauna daidai a jikin Kance ba. A inda littafi ɗaya yake yawo tsakanin ɗalibai da dama, waya ce ƙamus ɗin Faransanci, ita ce ma'ajin tsofaffin tambayoyin BEPC da na BAC, ita ce ma fitilar bitar dare a gidan da babu lantarki. Ga wani dalili da ya fi wannan zurfi. Ƙasar Kance ƙasar tafiya ce: wasu iyaye suna ci-rani a Kano, wasu a Agadas, wasu sun tsallaka Aljeriya ko Libiya. Ba a manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawansu ƴan wannan yanki. A gidan da ya san irin wannan labari, ƙarar waya tana iya zama muryar uwa mai cewa ta sauka lafiya. Haka nan ɗalibin ƙauye da aka ajiye a gidan wani a Matamaye don karatu, da waya yake sanar da gida cewa hatsinsa ya ƙare. Malamin da ya riƙe irin wannan waya har ƙarshen shekara ya hukunta yaron, ya kuma hukunta mutanen da ba su yi masa laifi ba.

A nan ne ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cuɗawa. Malami yana da iko a kan lokacin darasi, domin iyaye da hukuma sun ɗora masa nauyinsa. Saboda haka yana da damar cewa a kashe waya, ko ya karɓe ta idan an ƙi. Amma wannan iko bai mai da shi mai wayar ba, bai kuma ba shi mabuɗin sirrin da ke cikinta ba. Abin da ya karɓa ajiya ce, hukuncin ajiya kuwa sananne ne a addini da al'ada: a tsare ta, kada a taɓa ta, a mayar wa mai ita yadda take. Wanda ya buɗe saƙonnin ɗaliba ya karanta wa aji don ya kunyata ta, ko ya fasa waya a gaban yara, ko ya nemi kuɗi kafin ya mayar, ya koyar da darasin da ya fi na allo shiga zuciya, wato cewa mai ƙarfi yana yin abin da ya ga dama da kayan na ƙasa da shi. Idan akwai zargi mai tsanani, kamar satar jarrabawa ko yaɗa hoton wani, hanyar ita ce a kira uba ko mariƙi, a buɗe wayar a gabansa da gaban shugaban makaranta.

Akwai kuma tambayar da malamai ba su cika son ji ba. Mushen da yake katse bayani don ya amsa kira, ko ya bar yara suna kwafe rubutu shi kuma yana duba Facebook a bakin ƙofa, da wane baki zai hana? Yaro yana koyon abin da ya gani fiye da abin da ya ji, kuma dokar da ta tsallake babba ta faɗa kan ƙarami, biyayyar tsoro kawai take samu, wadda ke ƙarewa da zarar an juya baya.

Bisa ga haka, abin da ya fi dacewa shi ne yarjejeniya a rubuce, wadda kwamitin gudanar da makaranta, ƙungiyar iyayen yara, malamai da wakilan ɗalibai za su zauna su tsara tun buɗe makaranta a watan Oktoba, a karanta ta da Hausa da Faransanci don kada wani uba ya ce bai ji ba. Ta fayyace cewa waya tana kashe a lokacin darasi, sai in malami ya nemi a fito da ita don wani aiki. Cewa wadda aka karɓa za a rubuta ta a rajista, a mayar a ranar ko a miƙa wa uba cikin ƴan kwanaki. Cewa makaranta tana da lamba guda da iyaye na nesa za su kira idan larura ta taso. Kuma cewa dokar ta hau kan malami kamar yadda ta hau kan ɗalibi.

Hani yana da amfaninsa, musamman ga ƴan ƙananan azuzuwa, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma ɗan ajin ƙarshe na lise, watanni kaɗan suka rage ya tafi jami'ar Damagaram ko ta Yamai, inda babu mai amshe masa waya. Idan duk abin da ya koya a shekaru bakwai shi ne ɓoye ta a cikin safa, makaranta ta sallame shi da rabin tarbiyya. Aikin da ya rage wa malaman Kance shi ne su yaye yaron da zai iya kife wayarsa da hannunsa, ya gama abin da ke gabansa, sannan ya ɗauka.