Masifaffe da Salihi a Akwati Ɗaya: Alhakin Yana Wuyan Wa?

A ƙasashe da yawa na duniya akwai mutanen da ke kiwon kifi ba domin ci ko sayarwa ba, sai domin kallo kawai. Sukan ajiye akwatin gilashi cike da ruwa a ɗakin baƙi, su jera duwatsu da tsirrai a ciki, su saki kifaye masu launi. Wata tambaya takan yawaita a tsakaninsu, ita ce, ko ya yiwu a haɗa kifin sikilid, wanda ya yi suna wajen faɗa, da kifin bakan gizo, wanda ba ya neman kowa da fitina, a cikin akwati ɗaya? Galibi akan amsa ta da lissafin lita da santimita. Amma fa akwai wata tambayar a ƙarƙashinta, watau idan zaman ya ɓaci, wa za a tuhuma?

Sikilid dangi ne babba, kuma karfasar da ake ci a ƙasar Hausa ma daga cikinsa take. Wanda ake nufi a nan shi ne irin da masana ke kira Melanochromis auratus, ɗan Tafkin Malawi, tafkin da tsawonsa ya haura kilomita 500, yana kuma ɗauke da ɗaruruwan ire-iren sikilid da babu su a ko'ina sai a cikinsa. Tsawon wannan kifi bai wuce santimita 11 ba. Macen ruwan zinariya ce mai ratsin baƙi, namijin kuwa idan ya ƙasaita sai ya rikiɗe ya yi duhu. A tsakanin duwatsun gaɓa yake zama, yana kankarar gansakukar da ke jikinsu. Dutsen nan shi ne gonarsa, shi ne kuma zaurensa inda yake jiran mace, saboda haka duk wanda ya matso sai ya kore shi. Macen takan ɗauki ƙwai a bakinta kimanin mako uku, ba ta cin abin kirki, har 'ya'yan su fito.

Shi kuwa kifin bakan gizo, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Melanotaenia boesemani, daga tafkunan Ayamaru a yammacin tsibirin Niyu Gini, cikin ƙasar Indunusiya. A shekarar 1980 Gerald Allen da Norbert Cross suka bayyana shi ga masana. Gabansa shuɗi ne, bayansa ruwan lemo. Ba shi da dutsen da yake tsaro. A ayari yake yawo a sararin ruwa, kuma duk kariyar da yake da ita ba ta wuce yawa da sauri ba.

Tsakanin garuruwan waɗannan bayin Allah biyu akwai nisan da ya fi kilomita 10,000, da teku a tsakani. Da ba domin hannun ɗan Adam ba, da har abada ba za su ga juna ba. Abin da ke jan masu kiwo su haɗa su shi ne dukansu suna son ruwa mai ɗumi, mai ɗan kanwa-kanwa, ga kuma kyan launi idan sun gauraya. Sa'an nan akwai wata dabara da ta daɗe a wannan sana'a. Akan saki ayarin kifaye masu sauri domin sikilid ya ga suna yawo a sarari, hankalinsa ya kwanta, ya fito daga kogo. Wannan ba shi da aibi. Amma wasu sukan wuce nan, su saki salihin kifi da nufin ya zama abin hucewa, domin masifaffen ya sauke fushinsa a kansa, ya ƙyale matarsa ko 'yan'uwansa masu tsada. Mai kallo daga waje sai ya ga akwati ya zauna lafiya, bai san akwai wanda ke biyan kuɗin lafiyar da jelarsa ba.

To, babu mai hankalin da zai ɗora wa sikilid laifi. Dabba ba mukallafi ba ce, kuma halin da ake kira masifa a cikin akwati shi ne ke ciyar da shi a tafki. Can idan ya kori baƙo, baƙon yakan yi ninƙaya kaɗan ya fita daga iyakarsa, magana ta ƙare. A cikin akwati mai tsawon santimita 60 kuwa, iyakar da yake ganin tasa ce ta cinye akwatin duka. Wanda aka kora ya gudu, ya ci karo da gilashi, ya juyo, sai ya zama a idon mai dutse kamar ɗan taurin kai ne da ya ƙi jin gargaɗi. Abin da ya mayar da gargaɗi ya zama azaba shi ne bangon gilashin, kuma ba kifi ne ya gina shi ba.

A nan ne maganar ta taɓa abin da malamai suka daɗe da tattaunawa. Da yawansu sun halatta tsare tsuntsu domin sha'awa, suna kafa hujja da labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana shi ba. Sai dai sun gindaya sharaɗin kulawa, saboda hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar a kan kyanwa. Abin lura a wannan hadisi shi ne ba a ce ta doke ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema wa kanta ba. Wanda ya toshe wa halitta hanyar da take taimakon kanta, ya ɗauki nauyin wannan hanyar a wuyansa. Kyanwa an toshe mata hanyar abinci, kifin bakan gizo kuwa hanyar gudu aka toshe masa. Mai akwati yana iya zuba abinci safe da yamma, ya ɗauka ya sauke nauyi, alhali bai ko taɓa shi ba.

Wani zai ce ai kifi ne, ba ya kuka, wa ya san ma ko yana jin zafi? A shekarar 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a Cibiyar Roslin ta ƙasar Sikotilan suka nuna cewa kifi yana da jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon rauni, kuma yakan sauya hali ya ƙi abinci idan an cutar da shi. Har yanzu akwai masanan da ke jayayya a kan ko abin da yake ji daidai yake da zafin da mutum ya sani. Amma shakka a irin wannan wuri dalili ce ta taka-tsantsan. Wanda ba shi da murya ya fi buƙatar a sa masa ido.

Adalci kuma shi ne a faɗi cewa ba kowace haɗuwa ce zalunci ba. A shekarar 2011 Ronald Oldfield na Jami'ar Case Western Reserve a Amurka ya wallafa bincikensa a kan wani sikilid na Amurka ta Tsakiya, inda ya ga faɗa ya ragu ƙwarai a babban akwati mai maɓuya da yawa. Wanda ya tanadi akwati mai tsawon mita ɗaya da rabi, ya jera duwatsun da ke tare ido, ya saki bakan gizo shida ko fiye domin kada a ware ɗaya a sa shi gaba, ya kuma zaɓi sikilid mai sauƙin kai irin rawayan nan Labidochromis caeruleus, yana iya samun zama mai kyau. Da auratus kuwa abin da wuya. Ko abincinsu ma ba ɗaya ba ne, domin shi mai cin ganye ne, abinci mai nama da yawa yana iya kumbura masa ciki, ga shi kuma da rigegeniya lokacin ci.

Alamomin ba su ɓuya ga mai son gani. Bakan gizon da ake takurawa launinsa yakan dushe, gefen jelarsa ya yayyage, ya maƙale a kusurwar sama kusa da bututun tace ruwa, ya daina fitowa ko da an zuba abinci. Idan an ga haka, jira ba magani ba ne, sai a raba su a ranar, ko a sa shamaki a tsakani, ko a mayar da ɗayan wurin mai sayarwa. Zuba shi a kogi ko tafkin gari ba mafita ba ce, domin baƙon kifi ko dai ya mutu a can, ko ya zame wa kifayen wurin annoba. Shi ya sa tsofaffin masu kiwo sukan tanadi akwati na biyu, da ruwansa a shirye, tun kafin su sayo kifin.