Wanda ya fi kyau a cikin waɗanda aka gani

A 1904 J. J. Thomson ya kawo wata matsala: ɗigo-ɗigo masu ture juna a bayan ƙwallo, yaya za su zauna? Amsar ɗigo huɗu da ta ɗigo shida an daɗe da sani. Ta ɗigo biyar kuwa, sai bayan shekara ɗari da 'yan kai Richard Schwartz ya kafa hujja, kwamfuta na taya shi.

Mu masu rubuta manhaja hanyarmu gajera ce. A watsa ɗigogin, a motsa, a auna, a maimaita sau dubbai. A gefe akwai ma'aji guda. Duk tsarin da ya ɗara na ciki maki, shi ke gaje wurin. Kwafinsa ake adanawa fa, in ba haka ba zagaye na gaba ya dagula shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke ɗaukar abin cikin ma'ajin tamkar gaskiya. Ai wanda ya fi ne a cikin waɗanda aka leƙa, kuma bisa ma'aunin da ɗan Adam ya rubuta. Malami kan rufe fatawa da cewa Allah ne mafi sani. Manhaja ba ta da wannan ladabin, lamba kawai take miƙo maka.

Dabarar da Kirkpatrick da abokansa suka fitar a 1983 ma tana karɓar mataki mafi muni da gangan, don kada bincike ya maƙale a ƙaramin kwari, wato tsarin da ya fi na kusa da shi kawai. Shi ya sa ma'ajin ya zama dole, tunda inda aka tsaya ba lalle ne ya kai inda aka wuce ba.