Idan Fushi Lantarki Ne, Alhakin Yana Wuyan Wa?

Sau nawa ka ji mutum ya yaɓa wa matarsa ko ɗansa baƙar magana, sa'an nan ya ce, "Ba da son raina ba ne, zuciya ce ta ɗebe ni"? Ga masana jikin ɗan Adam kuma suna cewa kowane tunani da kowace kalma suna tafiya ne a matsayin saƙon lantarki a cikin ƙwaƙwalwa. In haka ne, alhakin baƙar maganar yana wuyan wa?

Bari mu duba yadda Mahalicci ya tsara abin. Ƙwaƙwalwarka ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da ƙananan rassa masu karɓar saƙo, da dogon reshe ɗaya mai aikawa. Lokacin da take hutawa, ƙarfin lantarkin cikinta yana ƙasa da na wajenta da kusan milibolt 70. Idan saƙonni suka taru har tazarar ta ragu zuwa wajen 55, sai ƙofofin da ke jikin fatarta su buɗe, sinadarin sodiyam, wanda ke cikin gishirin miyarmu, ya kwararo ciki, daga baya fotasiyam ya fita. Alan Hodgkin da Andrew Huxley na ƙasar Ingila ne suka bayyana wannan a 1952, bayan gwaje-gwaje a kan jijiyar wata dabbar teku.

Ka lura da wannan. Muddin aka kai wannan iyaka, saƙon yakan tashi ɗungurungum, babu rabi, kuma ba a kiransa ya dawo. A wasu jijiyoyi gudunsa ya fi mita 100 a daƙiƙa ɗaya. Ashe da magabata suka ce magana zarar bunu ce, sun faɗi abin da ke gudana har a cikin naman jikinmu.

Sai dai ƙwayar ba ta kai wa wannan iyaka haka kawai. Dubban saƙonni ne ke sauka a kanta, waɗansu suna ingiza ta, waɗansu suna riƙe ta, ita kuma tana haɗa jimlarsu. Haka abin yake a manyan sassan ƙwaƙwalwa. Can ciki akwai ƙaramin sashe da ake kira amigdala, mai saurin ƙararrawa idan ya hangi barazana. A bayan goshi kuma akwai sashen da ke auna sakamako, yana ja masa linzami. Bugu da ƙari, mahaɗar da ke tsakanin ƙwayoyi biyu tana ƙara ƙarfi gwargwadon yawan amfani da ita, kamar yadda sawu ke mayar da ciyawa turba.

A nan amsar take, ɗan'uwana. Wataƙila a daidai lokacin da kalmar ta kuɓuce ba ka da ikon tare ta. Amma da yayyafi kogi kan cika. Wane ne ya kwana yana tuna laifin da aka yi masa bara? Wane ne ya saba jin daɗin tsegumi, ya yi ta bin turbar ƙullaci har ta zama titi? Alhakinka ya soma tun kafin ranar da bakinka ya suɓuce. Shi ya sa Almasihu, cikin koyarwarsa a kan dutse, ya bi sawun kisankai har zuwa fushin da ke zuciya.

Wannan sani kuma ya kamata ya koya mana jinƙai. A 1848, a Amurka, sandar ƙarfe ta ratsa gaban ƙwaƙwalwar wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa, Phineas Gage. Ya rayu, amma likitansa ya shaida cewa halinsa ya sauya. Sashen nan na bayan goshi kuma ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Saboda haka kada ka yi gaggawar yanke wa matashi hukunci, ko dattijon da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sauya wa hali. Allah ne kaɗai ya san ƙarfin linzamin da kowa ke riƙe da shi.

Kai kuwa da aka ba lafiya, ka tsare abin da kake tarawa. Duk ranar da ka yafe, ko ka yi shiru ka yi addu'a maimakon ramuwa, kana share sabuwar turba ce, Ruhu Mai Tsarki kuma yana taimakon mai sharewa. Ubangiji ya ba mu alherin yin haka. Amin.